Ranar da Aka Ce Inna Ta Faɗi Sunana

Firizar farko da na mallaka a duniya a tikitin gwamnati na ci ta, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa wannan ba. Masu cewa caca ce sun faɗa tun a lokacin, wasunsu ma da ledar zoɓona mai sanyi a hannu suka faɗa. Ni dai ba cin ne ya tsaya mini a rai ba, karɓowar ce, don sai da na je Minna sau uku, na ukun kuma da mahaifiyata na je.

Lokacin soja ne, shekarun da gwamnati ta tare a Abuja, Suleja ta cika ta batse da ma'aikatan da hayar can ta fi ƙarfinsu. Duk ɗakin da ke da ƙofa a unguwarmu ta Wambai an ba da shi haya, har ɗakunan awaki aka yi wa daɓe aka zuba mutane. Da sassafe su yi dafifi a tasha su tafi, da yamma motoci su juye su a gajiye, maƙogwaro a bushe. A shekarar ne aurena ya mutu na dawo gida da yara biyu. Ni na nemi takardata, ba korata aka yi ba, kuma ba zancen da zan yi ke nan ba. Mahaifina ya riga ya rasu, daga Inna sai 'yan haya a gidan, ƙannena maza kowa yana fama da nasa nauyin. Ban yi niyyar zama ina jiran wani ya tuna da ni ranar albashi ba, sai na fara ƙulla zoɓo da kunun aya a leda ina kaiwa bakin tasha a kula.

Sana'ar kayan sanyi kuwa, in ba ki da firiza, ke baiwar mai firiza ce. A layinmu mace ɗaya ke da ita, matar wani ɗan kwangila, ita ke ba mu hayar gurbi mu ajiye kayanmu. Ranar da ta ga dama ta ce a kawo. Ranar da ta yi baƙi ko aka sayo mata nama, sai ta kwaso kayanmu ta jibge a tsakar gida, su narke, kunun aya ya yi tsami kafin la'asar. Gaskiya ba ta taɓa zagina ba. Tsayuwar nan ce ke cin raina, ina ƙofar ɗakinta da bokiti a hannu, ina sallama tana ji, ba za ta amsa ba sai ta gama shafa manta. Kullum in na fito daga gidan sai na ce a zuciyata in ina da rai sai na yi tawa.

A cikin 'yan hayarmu akwai wata Bayarabiya, ma'aikaciyar jiha ce a nan Suleja, mai kirki da yawan surutu. Hausarta duk a karkace take, amma ba ta jin kunyar yin ta, kuma ita da Inna jininsu ya haɗu. Wata rana ta dawo da littattafan tikiti a jaka tana ƙorafi. Wai gwamnatin jiha ce ke tara kuɗin gidauniya, an raba wa kowane ma'aikaci nasa, ko ya sayar ko a cire a albashinsa. Kowane tikiti kashi biyu ne masu lamba ɗaya. A yage rabi a ba mai saye, rabin da ya rage a littafin a rubuta sunansa da unguwarsu a mayar wa kwamiti. A bayan takardar an jera kyaututtuka, mota a sama, sai babura, sai firiza, sai kekunan ɗinki da rediyo. Ni ko kallon motar ban yi ba.

Washegari ina sauri kada motocin yamma su riga ni zuwa tasha, Bayarabiyar kuma ba ta dawo daga aiki ba, sai na ajiye kuɗin tikiti ɗaya a gefen tabarmar Inna na ce in ta shigo a karɓar mini. Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya da ban yi haka ba.

Ni ce 'yar farin Inna, kuma sunan uwar mijinta aka sa mini, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko 'yar wani ce mai irin sunan, sai dai ta ce mai sunan tsohuwa. Ina da lakabin da kakata ta sa mini, da shi duk unguwa ta san ni, shi ma sai in ta kama dole Inna ke faɗinsa, kuma ga wani, ba gare ni ba. A gabana ni "ke" ce, a bayana ni "waccan" ce. In tana da saƙo gare ni ta fi son ta gaya wa wanda ke kusa, ko ta gaya wa bango, ina zaune ina ji. Sunan mahaifina ma bai taɓa fita daga bakinta ba, yana raye ko bayan ransa.

To da Bayarabiya ta buɗe littafi ta ɗauki biro ta tambayi sunan da za ta rubuta, sai Inna ta ba ta lakabina. Ta tambayi sunan uba, sai ta ce a sa 'yar mai agogo, tunda gyaran agogo ne sana'ar mahaifina kuma haka gari ke kiran gidanmu. Ita Bayarabiya da lakabin ta san ni, ba ta ga wani abu ba, ta rubuta ta yage ta miƙa. Rabin da ya zo hannuna lamba ce kawai a jiki. Na sa shi a ledar da nake ajiye satifiket ɗina na firamare, na tura ƙasan akwati, na ci gaba da tsayuwa a ƙofar matar ɗan kwangila.

An yi watanni har na manta. Wata ranar Talata da rana tsaka ina bakin tasha, sai ga Bayarabiya tana ratsa motoci da jarida a hannu, ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba. Ashe ta kwafe lambobin duk tikitin da ta sayar a bayan kalandarta, kuma ga tawa a jerin masu firiza. Na bar wa maƙwabciyar tallata kula, muka taho gida kusan a guje, na zazzage akwati a tsakar ɗaki. Muka gwada lambar da ta jarida ɗaya bayan ɗaya har sau uku, da yatsa. Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, sai dai na ga ta tsince ta watsa wa kaji mai kyan ta bar tsakuwar a faranti.

Kafin hantsin washegari labari ya kai wa Baffa, ƙanin mahaifina. Ya zo ya tsaya a zaure ya sa aka kira ni, ya ce abin nan caca ce ko wa ya shirya ta, kuma ba za a shigo da kayan caca gidan ɗan'uwansa ba. Na durƙusa na saurare shi har ya gama, sannan na ce, "Baffa, duk ranakun da kayana ke narkewa a tsakar gidan mutane ban ga ka zo zauren nan ba." Rashin kunya ce, na sani, kuma daga baya na je har gida na ba shi haƙuri a kan lafazin, ban da firizar. Ba kuma zan ce zuciyata ta kwanta gaba ɗaya a kan maganarsa ba. Na tambayi malamar islamiyyarmu, ta gaya mini abin da Baffa ya faɗa, cikin taushi kawai. Na yi istigfari, ina kan yi har yau, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma na riga na ƙudurta sai na karɓo abina. Da yamma ne na ji Inna tana ce wa Bayarabiya ta gaya wa waccan motar Minna ta fi samuwa da safe.

Ofishin kwamitin a saman wani bene yake, ɗakuna biyu da baranda. A harabar ƙasa an jera kayan kyauta an rufe da tamfol, iska ta ɗaga gefe na hango kwalayen firiza, farare, manya. Na tsaya na zaɓi tawa da ido kafin in hau. Akawun da ke karɓar mutane saurayi ne, bai fi sa'an ƙanina na biyu ba, da laktaye a wuya cikin wannan zafin. Na miƙa masa tikiti da satifiket da hotuna biyu na fasfo kamar yadda jarida ta ce. Ya juya ya zaro littafin da aka yago nawa, ya duba, ya sake duba satifiket, sai ya tura mini kayana.

"Madam, sori, wannan ba ke ba ce."

Sai a lokacin na ga abin da aka rubuta. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa mahaifiyata ce ta saya, ni 'yar fari ce, lakabina ta bayar. Bahaushe ne, ba sai an yi masa fassara ba, har murmushi yake yi ina magana. Da na gama ya ce ya gane sarai, amma gwamnati ba ta san lakabi ba, in je in kawo takardar mai unguwa. Ya ƙara da cewa in hanzarta, don duk kayan da ba a karɓa ba zuwa ƙarshen wata, hannun kwamiti za su koma.

Ina sauka daga benen wani mutum mai jar hula ya tare ni, ya gaishe ni kamar ya san ni, ya ce ya ji matsalata kuma irin wannan ba ta warwaruwa, gara in sayar masa da tikitin in huta da zirga-zirga. Abin da ya taya ko kuɗin tsohuwar fanka bai kai ba. Na tambaye shi ta yaya ya ji matsalar da ban gama saukowa da ita ba, kuma shi da wane suna zai karɓa tunda ni mai abin an hana ni. Ya yi dariya ya ce wannan aikinsa ne. Ina jiran mota a bakin titi na hango shi da akawun suna cin gyaɗa a takarda ɗaya. Nan na gane inda kayan ƙarshen wata ke komawa, nan kuma kaina ya ɗau zafi.

Mai unguwarmu ya san ni tun ina tsumma, shi ya ci naman sunana. Ya sa aka rubuta takarda cewa mai lakabin nan da mai sunan nan mutum ɗaya ce, 'yar marigayi mai gyaran agogo, ya buga hatimi. Na koma Minna. Akawu ya karanta yana kaɗa ƙafa, ya ce takardar ta yi kyau, amma irin wannan sai ciyaman, kuma ciyaman ba ya nan, ba a san lokacin zuwansa ba. Na ce ba komai, ni ma ba inda za ni. Na zauna a bencin baranda tun hantsi. Na yi azahar a kan mayafina daidai ƙofar ciyaman ɗin, duk mai wucewa sai ya raɓa. Mai jar hula ya zo ya ƙara tayi sau biyu, na biyun ban ko ɗaga ido ba. Yunwa ta ci ni ta gaji ta bari.

Sai bayan la'asar ciyaman ya iso, dattijo mai furfura a gemu, da babbar riga da tabarau, yana tafe turare na bin sa. Ya fi akawun iya magana nesa ba kusa ba, shi ya sa ya fi shi haɗari. Ya ce in zauna, ya kira ni 'yata, ya karanta takardar mai unguwa, ya jinjina kai. Ya ce mai unguwa bai ga lokacin da aka sayi tikiti ba, mai sayarwa kuma abin da aka gaya mata kawai ta rubuta. Mutum ɗaya ce ta san wanda ta saya wa. Don haka in zo da mahaifiyata gaban kwamiti, ta faɗi cikakken sunan wadda take nufi da bakinta, in ya dace da na satifiket a ba ni kayana a take.

Na kalle shi, ya kalle ni ta saman tabarau. Mutumin da ya yi furfura a ƙasar Hausa ya san abin da ya nema. Ya san ya ɗora mini sharaɗin da yake ganin ba zai cika ba, kuma saura kwana uku wata ya ƙare. Na ce masa to, Allah ya kai mu, na sauko cike da baƙin ciki.

A mota na yi ta saƙa da warwara. Ban iya tunkarar Inna da wannan magana ba, don haka na yi irin tata. Da na isa gida na zauna a ƙofar ɗakin Bayarabiya na ba ta labari da ƙarfi, Inna tana bakin murhu tana ji. Bayarabiya ta yi ta salati irin nasu tana tafa hannu, ta ce ita ta jawo, ta ce mene ne a cikin suna da ba za a faɗa ba sau ɗaya. Inna ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin, yanzu zan faɗa. A ƙarƙashin fushin nan nawa akwai kwaɗayi. Ina da shekara talatin da ɗaya, na yi aure na haihu na fito, ban taɓa jin yadda sunana yake a muryar mahaifiyata ba. Ina yarinya in na ji uwayen ƙawayena suna ƙwala musu kira daga zaure, har da zagi a haɗe, sai in ji ina ƙyashinsu. Na san kunya ce ba ƙi ba, kowa ya gaya mini, ni ma na gani a abubuwa da yawa. Amma sani daban, ji daban. Sai ga shi wani mugun dattijo ya buɗe mini ƙofar da ban taɓa zaton za ta buɗu ba, kuma na ji kunyar kaina da na sami zuciyata tana leƙawa.

Da gari ya waye na fito zan ɗora ruwan zoɓo kafin in kama hanya, don na riga na yanke cewa ni kaɗai zan koma in yi musu tijara ko da ba za a ba ni ba. Sai na tarar da Inna a zaure zaune, ta sa atamfar da take zuwa biki da ita, da babban mayafinta, takalmanta a gabanta. Ta kalli ƙofar waje ta ce, "Rana tana yi."

Tun da ta je Minna jinyar mahaifina ba ta sake taka garin ba. Duk tsawon hanya carbinta take ja. Da muka hau benen, ciyaman na nan da wasu 'yan kwamiti biyu, namiji da wata mace mai gilashi, ga akawu a gefe da littafinsa. Ƙarshen wata ya matso, masu karɓar kaya sun cika baranda, har suna leƙe ta ƙofa da taga. Na ga fuskar ciyaman lokacin da ya gan mu biyu, bai zaci za ta zo ba. Aka nuna wa Inna kujera ta ƙi, ta sami gefen bango ta zauna a kan siminti ta tanƙwashe ƙafa.

Ya gaishe ta da Hajiya, ita da ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba. Ya tambaye ta ko ita ta sayi tikitin, ta ce ita ce. Ya ce wa ta saya wa, ta nuna ni da haɓa ta ce waccan. Ya ce mece ce waccan a wurinta, ta ce ta gidansu ce. Mutanen baranda suka yi dariya, ba ta mugunta ba, dariyar wanda ya ga abin da ya sani a gidansu.

"To Hajiya, sunanta muke so. Cikakke, nata da na mahaifinta."

Inna ta sunkuyar da kai, ta kama gefen mayafinta tana murzawa. Na ga gumi ya tsatso mata a goshi ya gangaro ta gefen kunne. Ciyaman ya maimaita tambayar a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Akawun ya rufe baki da littafi, kafaɗunsa na motsi. Sai na ga Inna ta haɗiyi yawu, ta ɗan ɗago, leɓunanta suka fara motsi.

Duk kwaɗayin nan da na taho da shi ya mutu a wurin. Abin da na gani kawai shi ne matar da ta yi shekara talatin tana riƙe da abu ɗaya da take ganin shi ne mutuncinta, an zaunar da ita a ƙasa a gaban maza, sa'an ɗanta yana mata dariya, za a ƙwace shi a hannunta saboda ni. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ba za ta faɗa ba, ranka ya daɗe," na ce. "Kuma ba zan bar firizata ba."

Ciyaman ya ce to ai ni na kashe maganar da kaina. Na ce ban kashe ba. Ga jerin sunayen waɗanda suka ci kyauta nan a gabansa, da mata a ciki da yawa. Ya riƙa kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya tana maimaitawa, ya cusa nawa a duk inda ya ga dama. Duk sunan macen da ke duniya za ta faɗa masa ban da ɗaya, kuma duk wanda ke wurin nan ya san dalilin da ke sa mace ta kasa faɗin suna. Daga baranda wani ya ce wallahi gaskiya ne, wasu suka amsa. Matar nan mai gilashi ta ce a gwada mana, ai ba a rasa komai ba. Ciyaman ya duba ƙofa ya ga idanun da ke kansa, ya jawo takardar.

Ya kira na farko, Inna ta maimaita, da muryar da ban san tana da ita ba, sarai kowa na ji. Ya kira na biyu, na uku, har da na wata 'yar kudu mai wuyar faɗi, ta lanƙwasa harshe ta faɗa yadda ta iya, aka yi dariya har da ita kaɗan. Ya yi ta tafiya har na fara zaton ya fasa. Can tsakiya, ba tare da ya canja murya ba, ya jefo sunana. Inna ta juyar da fuskarta bango, ta ja mayafi ta rufe har hancinta, kamar yadda na ga tana yi tun ina ƙarama duk lokacin da wani baƙo ya yi kuskuren ambatona a gabanta.

Akawu ya yi caraf ya ce ai wannan koya mata aka yi tun daga gida. Ban kai ga ba shi amsa ba, Inna ta rigaye ni. Ba ta kalle shi ba, ba ta ma nuna ta san yana ɗakin ba. Ciyaman ta yi wa magana, fuskarta na bango.

"Alhaji, in mahaifiyarka na da rai, ka je ka ce ta faɗi sunan ɗanta na fari a gaban maza. In ta faɗa ka aiko, ni ma in zo in faɗa."

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Ciyaman ya cire tabaraunsa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ban san ko shi ne ɗan farin ba, ban kuma san ko tana da rai ba. Ya mayar da tabarau, ya ce wa akawu ya kawo fom. Da aka nuna mini inda zan sa hannu na rubuta sunana cikakke, nawa da na mahaifina, da manyan baƙaƙe har na haura layi. Mai jar hula yana ƙasa lokacin da aka janye tamfol, na sa shi ya matsa don masu ɗauka su wuce.

Na yi shatar a-kori-kura. Direba ya ce mu shiga gaba, na ce ni a baya zan zauna kusa da kayana, kada igiya ta kwance a hanya. Inna ta ɗaga ƙafa ta hau bayan ita ma. Muka zauna a gefe guda, kwali ya tokare mana gwiwa, iska na kaɗa mayafanmu. Mun wuce Lambata ke nan, ba kowa a wurin da za ta ba saƙo, sai ta yi magana tana kallon titin da muke barowa.

"Da kin ƙara haƙuri kaɗan da na faɗa. Ya zo mini har nan." Ta taɓa maƙogwaronta.

Na ce, "Na gani, Inna. Shi ya sa na tashi."

Na juya kai ɗaya gefen don kada ta ga idona. Inna ta yi shekaru bayan nan, ta sha ruwan sanyin firizar nan har ta gaji, kuma har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Akwai ranakun da abin ke dawo mini ya yi mini ciwo sosai, in ce da na yi shiru na numfashi ɗaya kawai da yanzu ina da shi ina tunawa. Amma a ce a kan simintin ofis zan ji shi, akawu na dariya, don a ba ni abin da dama nawa ne, gara da ban ji ba.